Yadda zaka zagaya masana'antar wiski a Dublin ko da baka shan giya

Idan Allah ya kai ka Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, na ɗan kwana 2 ko 3, ko taro ne ko bikin yaye ɗalibai ko dai ka je gaida 'yan uwa, duk wanda ka tambaya ina ya kamata in je in gani abu biyu zai fara lissafo maka, gidan Guinness da masana'antar wiski. Mutanenmu da yawa daga nan suke ɗauke kai, kuma ni ban ga laifinsu ba, akwai wanda ko ƙofar wajen ba zai taka ba saboda addini kuma wannan hurumin sa ne. Wannan bayanin na wanda yake son yaga yadda aikin yake ne da tarihin garin, ko wanda tafiyar ta haɗa shi da abokan aiki aka ce gobe can za'a, yana tunanin yadda zai yi ya shiga ya fito bai kai komai baki ba. Ana yi, kuma ba wani abin kunya bane a wajensu, amma sai ka san wacce zaka zaɓa da kuma lokacin da zaka zame.

Kafin komai maganar biza, don anan ake yawan tafka asara. Ailan bata cikin Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, kuma bizar Ingila bata shigar da mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana Dublin. Wani zai ce maka ai daga Belfast dake Ailan ta Arewa a ƙarƙashin Biritaniya bas kawai zaka hau babu shinge a hanya, eh babu shinge amma doka tana nan, in aka tare ka kai ka sani. Bizar Ailan ta ɗan gajeren zama zaka nema, ana cike fom ta intanet, suna da ofishin jakadanci a Abuja. Kuɗinsu Yuro ne ba Fam ba. Daga filin jirgi babu jirgin ƙasa sai bas ko tasi, in kuma zaka yi yawo sosai ka sayi Leap Visitor Card, da shi zaka hau bas da Luas, wato ɗan jirgin nan mai bin tsakiyar titi.

Toh wacce zaka je? Nan ne nake da ra'ayi. Wacce tafi suna ita ce Jameson dake Bow Street a unguwar Smithfield, Luas mai jan layi tana tsayawa dab da wajen. Tun 1780 ake aiki a wurin, sunan kuma na John Jameson ne mutumin Sikotlan. Gini ne mai kyau, an gyara shi sosai, masu zagayawa da mutane sun iya baki. Sai dai abinda ba kowa yake sani ba kafin ya biya kuɗi shine ba'a dafa komai a can yanzu, tun farkon shekarun 1970 aka tsaya, aikin ya koma Midleton can yankin Cork. Kaga kenan labari zaka sha da hotuna da haske a bango, daga nan a shiga ɗakin ɗanɗano, wanda shine zuciyar tikitin. Ga wanda baya sha, rabin kuɗinsa ya tafi a banza.

Shi yasa ni Teeling nake ce wa mutane su je, tana Newmarket a unguwar Liberties. A 2015 aka buɗe ta, kuma ita ce sabuwar masana'antar wiski ta farko da aka gina a Dublin cikin sama da shekara 125, 'yan uwa biyu Jack da Stephen Teeling suka kafa. Anan injina na aiki, tukwane na tafasa, kana jin wari da zafi, ko baka ɗanɗana komai ba ka ga abin gani. Akwai kuma Pearse Lyons a James's Street da aka buɗe a 2017 a cikin tsohon cocin St James, an yi masa hasumiyar gilas, zagayen ma ta maƙabartar cocin ake farawa, in kai mai son tarihi ne wannan zata burge ka. A titin dai akwai Roe & Co ta 2019 a tsohon gidan wutar lantarkin Guinness. Ko wacce ka zaɓa ka leƙa shafinsu tukuna, don kasuwar wiski tana hawa da sauka kuma wani lokaci sukan dakatar da girki.

Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, musamman Juma'a da Asabar da lokacin bazararsu, don a rukuni-rukuni ake shiga kuma gurbi yana cika. Kuɗin yakan kama daga wajen Yuro 20 zuwa 30 da wani abu, bambancin kawai yawan kofin da za'a ajiye maka a ƙarshe ne, don haka kai mafi arha zaka ɗauka, zagayen iri ɗaya ne. Ka zaɓi na safe ko kafin azahar, lokacin mutane basu yi yawa ba kuma ba'a fara hayaniyar mashaya ba. Da ka isa kanta ka faɗa musu kai tsaye cewa baka shan giya, ka tambaya ko akwai lemo a madadi. Wallahi ko a jikinsu, kullum suna ganin direbobi da mata masu ciki da waɗanda suka daina sha, babu mai tambayarka dalili. In da yara 'yan ƙasa da shekara 18 sai da babba a tare, kuma ka duba ƙa'idar kowane waje don ba ɗaya bane. Takalmi rufaffe, akwai matakalar ƙarfe. Rigar ruwa kuma dole, ruwan Dublin baya sallama, amma ka sa wacce zaka iya cirewa don ɗakin tukwane akwai ɗumi.

Yanzu abinda zaka gani, kuma gara ka san shi tun daga gida saboda mai bayanin da sauri yake magana kuma Turancin 'yan Dublin sai ka kasa kunne sosai. Komai daga sha'ir yake farawa. Ana jiƙa shi a bar shi ya fara tsiro na 'yan kwanaki sannan a busar da shi da iska mai zafi, duk wanda ya taɓa ganin yadda masu burkutu suke tsirar da dawa ya riga ya gane wannan matakin, tsiron ne yake sa garin dake cikin ƙwayar ya iya komawa sukari. Za'a miƙo maka ƙwayar a hannu, ka tauna ba komai hatsi ne kawai, wanda aka tsirar yana da ɗan zaƙi yana ƙaras-ƙaras, ɗanyen kuwa tauri kamar tsakuwa. 'Yan Ailan haɗa biyun suke yi a irin wiskin da suka fi alfahari da shi, kuma asalin abin ba gwaninta bace, gudun haraji ne. A 1785 aka ɗora haraji kan tsirarren sha'ir, sai masu sana'ar suka fara cakuɗa shi da ɗanye don su rage abinda zasu biya, daga baya aka ga ai ɗanɗanon ma ya fita daban, shikenan ya zama al'ada.

Sai a niƙa, a zuba a wani ƙaton kasko da ruwan zafi ana juyawa har zaƙin ya fito, a tace, dusar kuma manoma suke kwasa su bawa shanu. Ruwan zaƙin a sa masa yis a manyan randunan katako ko na ƙarfe ya kwana biyu zuwa uku ko fiye yana kumfa. Anan mai zagayen zai ce ku leƙa, ka leƙa amma kada ka zura kai ka ja numfashi da ƙarfi, iskar dake tashi daga ciki tana dukan hanci har hawaye su zubo, kullum sai an samu wani ya yi tsalle baya mutane suna dariya. Abinda ya fito daga nan giya ce mai ƙarfin wajen kashi 8 cikin 100.

Ɗakin tukwanen jan ƙarfe shine wajen da zaka fi daɗewa in an barka. A Teeling guda 3 ne a jere, daga Italiya aka ƙero su, ƙasansu ƙato samansu ya tsuke kamar dogon wuya ya lanƙwasa. Dabarar mai sauƙi ce, sinadarin dake bugarwa yana riga ruwa zama tururi, sai tururin ya hau wuyan a sanyaya shi ya sauko ruwa-ruwa, a maimaita har sau 3, yawancin na Sikotlan sau 2 suke yi. Ka nemi wani ɗan akwati na gilas da tagulla a gefen tukwanen, da kwaɗo a jikinsa, ta ciki zaka ga ruwa fari tas yana zuba. A da makullin akwatin nan a hannun ma'aikacin haraji yake, mai masana'antar kansa bai isa ya taɓa abinda yake dafawa ba, sai dai ya juya hannu daga waje ya ware na farko da na ƙarshe ya riƙe na tsakiya wanda shine mai kyau. Kuma farin nan da ka gani ba wiski bane tukuna. Doka tace sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a tsibirin Ailan, gangar kada ta wuce lita 700, kuma a kwalba kada ƙarfinsa ya gaza kashi 40. Yawancin gangunan tsofaffi ne da aka yi amfani dasu a Amurka ko Sifen, daga jikin katakon launin ruwan zuman nan yake fitowa, kuma duk shekara wajen kashi 2 cikin 100 yana bin iska ta jikin gangar.

In ka lura ba zaka ga ganguna da yawa a wurin ba, manyan ɗakunan ajiyar suna wajen gari. Ka tambayi mai zagayen labarin gobarar 1875 in bai kawo da kansa ba, don a unguwar da kake tsaye abin ya faru. Ranar 18 ga Yuni wuta ta kama wani ɗakin ajiya na Malone mai ɗauke da ganguna wajen 5,000, gangunan suka dinga fashewa wiski yana kwarara a titi yana ci da wuta, ruwa kuma in an watsa ƙara yaɗa shi yake, sai da shugaban 'yan kwana-kwana James Robert Ingram yasa aka kwaso kashin dawakai aka yi madatsa da shi. Mutum 13 suka mutu a daren da bayansa kuma babu ko ɗaya da wuta ta ƙona, duk shan abinda suka kamfata a kwata da huluna da takalma ne ya kashe su.

Zaka ji ana ta maimaita cewa sana'ar ta dawo, ga abinda ake nufi. A ƙarni na 19 Dublin ce kan gaba a duniya a wannan harka. Wani ɗan ƙasar Aeneas Coffey ya fito da wata na'ura a 1830 mai dafawa ba tsayawa kuma da arha, manyan Dublin suka raina ta, 'yan Sikotlan suka rungume ta. Sai ga yaƙin neman 'yancin Ailan daga Biritaniya, ga Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, ga rikicin ciniki da Biritaniya a shekarun 1930 ya toshe musu kasuwa, masana'antu suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1966 kamfanonin wiski na Jameson da Powers da na Cork suka haɗe don su tsira, har ta kai tsibirin gaba ɗaya wuri 2 ne kawai ake dafawa, Midleton da Bushmills, sai a 1987 John Teeling mahaifin Jack da Stephen ya buɗe masana'antar Cooley. Yanzu masana'antun sun haura 40.

Duka zagayen baya wuce minti 45 zuwa awa 1, kuma ɗanɗano a ƙarshe yake zuwa, a wani ɗaki ko mashaya daban. Wannan shine lokacin zamewarka. In baka son zama a teburin da ake sha, da ka ga an nufi can ka matsa kusa da mai zagayen ka yi masa godiya kace kai anan zaka tsaya, zai nuna maka hanyar fita, a Teeling akwai wajen shan kofi a ƙasa inda zaka jira abokan tafiya. In kuma zaka zauna da lemonka, ka ce kada ma a ajiye kofunan a gabanka tun farko. A shagon tsaraba a kula, cakulan da alewa da jam da ake sayarwa da yawansu akwai wiski a ciki, karanta bayan kwalin kafin ka kai wa yara. Wanda kuma aka yi wa saƙon kwalba ya tuna inda zai sauka, kada ya je ya haɗu da 'yan Hisba a Kano yace ba'a faɗa masa ba.

Daga Teeling in lokacin sallah ya yi, masallacin Dublin na South Circular Road tafiyar ƙafa ce ta wajen minti 15 zuwa 20, tsohon coci ne aka mayar masallaci, kuma a kewayen akwai shagunan halal da wajen cin abinci. Ka dai duba jadawalin sallah a waya don a Disamba kafin ƙarfe 4 da rabi rana ta faɗi, a Yuni kuwa har kusan 10 na dare da haske. In da sauran ƙarfi a ƙafarka ka gangara Dublin Castle ka shiga Chester Beatty, kyauta ake shiga, suna da tarin tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu ciki har da wanda Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 1000, amma ka duba ranakun buɗewarsu kafin ka taka don ba kullum bane.