Kafin ka sa hannu a takardar "hidimar gida kyauta" a Ingila

Akwai masoya a Ingila da suke yarda ɗaya ya zama mai iko ɗaya kuma mai biyayya, har su rubuta takarda cewa mai biyayyar zai tare a gidan yana wanki da girki da shara ba albashi. To in kai ne mai biyayyar, ka sani tun farko, kotu ba za ta tilasta maka cika wannan takardar ba, duk ranar da ka gaji kana iya haɗa kayanka ka fita.

Kar ka miƙa fasfo ɗinka ko katin banki ko waya, ko da wasa. Wallahi nan ne abin yake lalacewa, domin dokar yaƙi da bauta ta 2015 ta ce yardar mutum ba ta hana a ce an bautar da shi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ka riƙe makullin ƙofa a aljihunka, ka bar ɗan kuɗin mota a asusunka, sannan wani aboki ya san adireshin kuma kuna waya akai-akai.

Maganar kuɗi, in aikin ya koma kamar na ma'aikaci da awoyi da umarni, tun Afrilun 2024 an cire uzurin da masu gida ke fakewa da shi don ƙin biyan mai aikin da ke zaune da su, wato "ai kamar ɗan gida ne", don haka ana iya neman mafi ƙarancin albashi.

In an ji wa mutum rauni mai tsanani don biyan sha'awar jima'i kuwa, dokar hana cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta ce "ai ya yarda" ba kariya ba ce. In an fara hana ka fita, kira 999, lambar gaggawa ta 'yan sanda.