Yadda Malami Zai Sa Ɗaliban Sakandare Su Kamu da Son Karatu

Ɗalibar da ake cewa ba ta son karatu, sau da yawa ita ce ke raba dare tana bin labarin soyayya a WhatsApp. Sha'awar tana nan, jan ta zuwa littafi ne ya rage.

Da farko, ka tambayi 'yan ajinka abin da suke karantawa a waya, kuma kada ka yamutsa fuska idan sun faɗa. Kana kushewa, ba za su sake gaya maka gaskiya ba.

Daga nan sai ka ware minti goma a ƙarshen darasi, kai da kanka ka karanta musu labari da babbar murya. Nan aikin yake. Ka sauya murya idan sarki ne ke magana, ka sassauta idan an shiga tashin hankali, kana kaiwa inda labari ya ɗauki zafi sai ka rufe littafin. Za su yi ta roƙo, "Malam, a ƙarasa mana!" Kada ka ƙarasa. Dabarar aku ce a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya riƙa tsare ɗan sarki da labari har gari ya waye bai fita ba. Ka ajiye littafin a kan tebur, ka ce mai so ya ara.

Ba sai makaranta tana da laburare ba. Akwati ɗaya ya isa: tsofaffin littattafai, jaridar Aminiya, da rajistar aro a hannun monita.

Wanda ke karatu da kyar kuwa, kada ka tsayar da shi gaban aji a yi masa dariya. Ka haɗa shi da aboki su karanta su biyu. Wani ma ƙwararre ne a ajami, boko ne kawai bai zauna masa ba.

Idan Hausa ta kama, ka soma sako gajerun labaran Turanci, tunda WAEC da NECO da shi za su zo, JAMB ma tana ɗora wa kowa littafin labari guda. Amma kada ka mayar da karatun nan jarrabawa. Wanda ya dawo da littafi, ka tambaye shi wa ya fi ba shi haushi a ciki, sannan ka miƙa masa wani.