Idan allurar mai ko fitilun dashbod na akori-kura sun fara wasa

'Yan uwa masu jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin Maigatari da Wudil, ga wata shawara.

Idan duk allurai suka mutu lokaci guda, a fara duba fis, wato ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. In kuwa rawa suke yi duk lokacin da mota ta hau gargada, yawanci baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa ƙarfen mota ce ta saki ko ta yi tsatsa. A kankare ta, a ɗaure tamau. A leƙa bayan dashbod ma, don motar da ke kwana da ragowar masara ba ta rabuwa da ɓera, shi kuma waya yake ci.

Allurar mai kaɗai ta tsaya? Yawanci fulot ne, wato abin da ke yawo a kan mai a cikin tanki yana auna shi, aikin mai rewaya ne.

Amma jar fitilar baƙin mai ba a wasa da ita. Tana kamawa, a kashe mota nan take, a zaro sandar awo a duba. Ko man ya cika, kada a ce "wayar ce kawai" sai makanike ya auna ƙarfin tura man, don inji ya fi wannan ɗan aikin tsada nesa ba kusa ba. Masu cire ƙwan fitilar don kada ta dame su kuwa, Allah ya shirye su.

Fitilar batir kuma, a duba bel ɗin da ke juya na'urar cajin batir tukuna. Mota a kunne, mitar auna ƙarfin wuta da aka ɗora a kan batir ya kamata ta nuna wajen volt 14. In 12 ta tsaya, ba caji.