Kurakuran da aka fi yi wajen canza sifikar dashbod a tsohuwar mota

Yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970 sifika ɗaya tal gare su, a tsakiyar dashbod, sau da yawa tana kallon gilashin gaba. Rana ta daɗe tana dukanta, takardarta ta bushe ta yage, sauti ya koma kamar ana kaɗa gwangwani. Canza ta ba aiki ne mai wuya ba. Abin da ke damuna shi ne ɓarnar da ake yi a hanya, domin sifika ana samun wata, amma dashbod na asali idan ya lalace, samunsa sai an sha wahala.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne sayen sifika da ido, a duba girma kawai a biya. Kowace rediyo an yi ta ne don ta ɗauki wani nauyi na lantarki, wanda ake aunawa da om. Sifikun mota na yanzu kusan duk om 4 ne, alhali tsofaffin rediyoyi masu tiransisto da yawa, irin na Delco da ke cikin motocin General Motors, om 8 zuwa 10 suke buƙata. Idan ka haɗa musu mai om 4, za ta yi magana, har ka ji daɗi a ranar farko. Amma tana jan wuta fiye da kima, tiransiston da ke fitar da sauti yana ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Kafin ka sayi komai, juya tsohuwar sifikar ka duba bayanta, sau da yawa an buga lambar a jiki. In ta goge, auna ta da mitar gwajin lantarki. Abin da mitar za ta nuna yakan ɗan yi ƙasa da ainihin lambar, mai om 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7. Haka kuma kada ka kunna tsohuwar rediyo babu sifika a haɗe, ko da na gwaji ne, domin hakan ma yana iya lalata ta.

Idan kuma rediyon zamani ka sa, matsalar wata ce daban. A tsofaffin motoci da dama waya ɗaya ce ke zuwa sifika, ɗaya ɓangaren ta jikin ƙarfen motar yake komawa. Rediyon zamani ba ta yarda da haka. Kowace sifika tana son wayoyinta biyu kai tsaye daga rediyo, kuma da zarar ɗaya ta taɓa bodi, abin da ke ƙara sauti a ciki na iya ƙonewa. Ja sababbin wayoyi. Wasu kuma sukan murɗe wayar hagu da ta dama wuri ɗaya don su haɗa su da sifika guda, wannan ma hanyar kashe rediyo ce. Akwai sifikun da aka yi musamman domin wannan rami, masu mashiga biyu a jiki ɗaya, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Ka kuma tabbatar da tsarin wutar motarka: motocin Ford na Amurka har zuwa 1955 volt 6 suke amfani da shi, kuma kan batir na fozitif ne ke haɗe da bodi, haka ma motocin Ingila da yawa sun riƙe fozitif a bodi har cikin shekarun 1960. Rediyon zamani ba za ta zauna a irin wannan mota ba sai an juya tsarin ko an sa na'urar da ke daidaita shi.

Sai zurfi. Ramin na iya zama inci 4 da 10 ko 6 da 9, sabuwar ta dace da shi daidai, amma maganaɗisunta ya yi ƙato ya tokare bututun hita ko sandunan waifa da ke motsi a ƙarƙashi. Auna sararin, ka motsa waifa da hannu ka ga iyakar inda sandunan ke kaiwa. Masu siririn maganaɗisu na niyodimiyam, wanda ƙarami ne amma mai ƙarfi, sukan shiga inda wasu suka ƙi. Wajen ɗaurewa ka riƙe sukudireba da kyau, maganaɗisu yana fizgarta ta huda sabuwar takarda. Sa siririn soso a gefen sifikar don kada ta riƙa karkarwa.

Abin da nake roƙon kowa kada ya yi shi ne yanka ƙarfen dashbod don a faɗaɗa rami. Tsofaffin rediyoyi ƙafa biyu suke da su na maɓallan murɗawa da ɗan taga a tsakiya, sai mutum ya ɗauko zarto don ya cusa ta zamani mai kusurwa huɗu. Wannan yanka ba ya komawa sai da walda da gyaran fenti, kuma yana rage darajar motar. Ana yin rediyoyi masu siffar da, ana kuma iya ɓoye ta zamani a cikin akwatin dashbod. Tsohuwar sifikar ma kada a jefar, masu gyara suna iya sa mata sabuwar takarda.

Wajen kwancewa, cire kan batir tukuna. Bayan dashbod akwai wayoyi masu wuta ko da makulli a kashe yake, musamman a motoci masu agogon caji, inda wuta mai yawa ke ratsa bayansa. Sifana ɗaya ta taɓa, wayarin ya kama hayaƙi. Ɗauki hoto kafin ka zare kowace waya, ka manna mata takarda da suna. Idan murfin saman ya ƙi ɗagowa, kada ka sa ƙarfi, akwai noti da ya rage a ɓoye ta ƙasa. A wasu motocin ma sai an cire gilashin gaba. Robar da ta shekara hamsin ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Ka lura da siririn bututun agogon zafi da na matsin man inji a motocin da ke da su, in ya lanƙwashe ko ya tsage, agogon ya tashi aiki.

Gyaran fuskar dashbod shi ne inda gaggawa ta fi cin mutane. Murfin saman leda ce a kan soso, kuma cike tsagarsa da silikon ba ya ɗorewa, fenti ba ya kama shi, tsagar ta sake buɗewa da zafin rana. Sai an yanke gefen da ya kumbura, an cike da abin da ke lanƙwasa, ko a sake lulluɓe shi gaba ɗaya. Saman dashbod na ƙarfe kuwa, kamfanoni da yawa sun yi masa fenti marar sheƙi da gangan, domin mai sheƙi yana mayar da haske kan gilashi ya kashe wa direba ido. A motoci masu katako, fallen da ke sama bai kai milimita ɗaya ba, samfefa kaɗan ta wuce shi. Rufi mai kalar azurfa da ke jikin roba ba ƙarfe mai kauri ba ce, man goge ƙarfe yana share shi nan take, haka lambobin fuskar agogo suke bin tsumma idan aka sa tina, ruwan tsinka fenti. Burushi mai laushi ya ishe su.

Bayan fenti, mutane da yawa sukan tarar fitilun agogo sun mutu ko allurar mai tana nuna ƙarya. Dalili shi ne wutarsu ta jikin ƙarfen dashbod take komawa, sabon fenti kuma ya raba su da shi. Kankare fentin a inda noti ke zama, ko ka ja waya ta musamman zuwa bodi. Sannan ka mayar da batir ka gwada rediyo, fitilu, waifa da hita tun murfin yana gefe, kafin ka ɗaure noti ko ɗaya.