Yadda za ka lissafa nisan Yamai zuwa Jidda ko Guwanzu da kanka

Jiya da dare a fadarmu ta shayi gardama ta kaure, wani ya ce Jidda awa 7 ce daga Yamai a jirgin sama don haka ya gani a tikitin babarshi, wani ya ce wallahi ba ta kai ba. To ga yadda ake yi, ba sai ka tambayi ɗan ajans ba.

Buɗe Google Maps a wayarka, ka danna kan Yamai ka riƙe har jan alama ta hito, sai ka zaɓi wurin auna nisa, ka ja taswirar har Jidda. Zai ba ka wajen kilomita 4,000. In ka ga ya rubuto mil ne, ka ninka da 1.6.

Sai ka raba da 850, don kusan gudun da manyan jirage ke yi ke nan cikin awa guda, ka ƙara kamar rabin awa na tashi da sauka. Jidda ta kama awa 5 da 'yan mintoci.

To ina awa 7 ta hito? Nan ne mutane ke ruɗewa. Tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da ka baro, lokacin sauka kuma da agogon garin da za ka je, kuma Saudiyya ta riga mu da awa 2, shi ya sa za ka ga tashi 8 na safe sauka 3 na rana ka ɗauka awa 7 tsohuwa za ta yi a sama alhali 5 ce. Cana ma ta hi, awa 7 ke tsakaninmu, in kana can ka kira gida da hantsi ka tarar ba a ko yi kiran assalatu ba.

Alhazanmu masu zuwa Guwanzu ta ƙasar Cana sarin kaya, naku lissahin daban ne. Layi miƙe kilomita 11,500 ne, amma ai ba haka za ka bi ba, sai ka yada zango. In ta Adis Ababa ne, auna Yamai zuwa Adis daban, wajen 4,000, Adis zuwa Guwanzu wajen 8,000, awa 14 zuwa 15 ke nan a sama, sannan ka ɗora zaman jira a filin jirgi wanda ni a ganina ya hi tahiyar kanta gajiyarwa, ka duba shi da kyau kahin ka biya kuɗi, tikiti mai arha sau da yawa can ne ya ɓoye wahalarshi.

Kuma mu 'yan Maraɗi kar mu manta da namu, kilomita sama da 600 ne zuwa Yamai a mota, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda cur. Wanga ma ka sa shi cikin lissahi, ka taso tun ana jibi jirginka.