Yadda Ɗan Ƙwallo Zai Yi Atisayen Tsalle Ba Tare Da Ya Illata Gwiwarsa Ba

Sau da yawa taku ukun farko ne ke raba wanda ya riga kai wa ga ƙwallo da wanda aka bari a baya, kuma wannan zabura ita ce abin da atisayen tsalle da ake kira filayometirik yake ginawa. Masanin wasanni ɗan Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ne ya tsara shi a shekarun 1960, bisa lura da cewa tsokar da ta miƙe sannan ta takure nan take tana fitar da ƙarfin da ya zarce na wadda ta tashi daga hutu, tamkar robar da aka ja aka saki.

Ka fara da koyon dira kafin ka nemi tashi sama, domin a wurin dira ne gwiwa take lalacewa. Hau akwati mai tsayin santimita 30, ka sako ƙafa ɗaya ka faɗo, ka dira da ƙafafu biyu a kan gaban tafinsu, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ya ɗan koma baya. Ka sa wani ya tsaya a gabanka ya duba: idan gwiwoyinka suna karkatowa ciki kamar za su gogi juna, ba ka shirya ba tukuna. Kunnenka ma alƙali ne, gama dira mai kyau ba ta da ƙara.

Idan dirar ta zauna, bayan mako biyu ko uku, sai ka shiga tsalle kan akwati, tsallake ƙananan shingaye, da tsalle gefe da gefe a ƙafa ɗaya, wanda a ganina ya fi kowanne amfani ga mai yanke abokin karawa. Kada ƙafa ta daɗe a ƙasa; da ta taɓa, ta tashi.

Sabon shiga ya tsaya a dira 80 zuwa 100 a zama guda, sau biyu a mako, da hutun awa 48 aƙalla a tsakani. A yi shi a kan ciyawa, a guji siminti, kuma a farkon atisaye bayan jiki ya yi ɗumi, ba a ƙarshe ba lokacin da ƙafafu suka yi nauyi. Da zarar ka ji dirarka ta fara ƙara, ko tsallen ya ragu, atisayen ranar ya ƙare ko da ƙidayar ba ta cika ba.