Yadda Ake Zaɓar Sabon Koci Ga Ƙungiyar Da Ke Tangal-tangal

Kafin shugabannin ƙungiya su nemi sabon koci, wajibi ne su gano tushen matsalar, domin idan albashin 'yan wasa ne ba a biya, babu mai horarwar da zai iya gyara lamarin. Daga nan sai a duba 'yan wasan da ake da su, a nemo wanda salon wasansa ya dace da su, musamman idan an rufe kasuwar musayar 'yan wasa. A ganina, wanda ya taɓa ceto ƙungiya daga faɗawa rukunin ƙasa ya fi mai babban suna amfani. A tuntuɓi waɗanda suka yi aiki da shi, sannan a rubuta burin da ake so ya cimma a cikin kwantiragi.